Shafi Goma Sha Ɗaya

Baba ya sayi littafin a gwanjo, bakin Taminus,
shekarar da kamfanin kuza ya fara sallamar akawuna.
Kwabo talatin. Bango ya koɗe, tsakiya ta sha shayi,
ƙarshen kuwa babu.
Wani ya yage shafi goma sha ɗaya,
ƙila ya ƙunshe gyaɗa, ƙila ya hura murhu.

A ciki akwai wani gida a ƙauyen Ingila,
ruwa na tsuga kamar Agustan Jos.
An tarar da maigida a ɗakin karatu,
kofi a gabansa, rai ya yi halinsa,
ƙofa kuma a kulle ta ciki.
Mutum bakwai a falo, kowa na zaune a kan sirrinsa,
ga mai bincike da ba ya gajiya da tambayar ƙarfe nawa.

Shekara arba'in da ɗoriya Baba na wannan shari'a shi kaɗai,
a layin fansho, a benci wajen mai shayi.
"Kuku ne," in ji shi. "Wa ke taɓa kofi in ba kuku ba?"
Da kukun nan muka girma.
Ko nama ya ɓace a tukunya, sunansa muke kira.

Sai yana ta sauko wa idon Baba,
baƙaƙe suka zama tururuwa, tururuwa ta zama hazo.
Ran nan Nafi'u ya shigo da waya a tafin hannu:
"Kaka, ga littafinka. Wani ke karantawa, har ƙarshe."

Muryar wani dattijon Bature ce, ba ta gaggawa,
tana taka kalma kamar mai tsallaka Dilimi a kan duwatsu.
Maƙogwaro ɗaya, mutum bakwai:
ya siranta ya zama gwauruwa,
ya kumbura ya zama kanar mai ritaya,
in ya zo kan kuku sai ya sassauta,
kamar mai magana da hula a hannu.

Dare tara muna Gangare cikin bargo,
kaskon gawayi a tsakiya, an ɗauke wuta,
Baba na tsayar da Bature da yatsa:
"Dakata. Ka ji? Ya ce ƙarfe tara, ɗazu ya ce da rabi."

Dare na goma muka iso inda takarda ta ƙare.
Baba ya san gurbin kamar ramin haƙorin da ya fita.
Murya ba ta ko yi tuntuɓe ba, ta wuce.

Lauya ne.
Mai karanta wasiyya, mai tattausan lafazi,
wanda Baba ke cewa da ganinsa ka ga ɗan mutunci.

Gawayi ya yi ƙara. Ba wanda ya yi dariya.

Can Baba ya ce, "Ubana Gambo kuku ne a Rafil.
Cokalin azurfa ya ɓata, aka kore shi da rana tsaka,
ba sallama, ba kuɗin wata.
Bayan damina aka tsinci cokalin a ɗakin kare.
Ina da shekara tara. Ni na ɗauko masa tabarmarsa."

Ya shafa fuska da hannu biyu.
"Ni ɗan kuku, shekara arba'in ina ɗaure kuku.
Ashe abin da aka yi mana na haddace,
ba abin da aka rubuta ba."

Nafi'u ya miƙa hannu zai kashe waya.
"A'a. Mayar da shi farko,
wurin da yake shigowa da tire.
Ban taɓa sauraron mutumin nan ba."