Agogo Biyu a Rumfata

Ni ne mai gyaran agogo na Rafindadi.
Shekara talatin ina tona cikin lokaci
da ɗan tsinke, da gilashi a ido ɗaya.

Ranar da Ɗayyabu zai tafi Gwanzu saro kaya
ya shimfiɗa mini takarda a kan tebur:
"Baba, mota zuwa Kano, awa biyu da 'yan kai.
Kano zuwa Addis, awa biyar a sama.
Sai zaman jira, sai wasu goma, mu sauka."
Na ce, nisan fa? Ya latsa waya:
"Kilomita dubu goma sha ɗaya."
Lambar ta tsaya a bakin kunnena, ta ƙi shiga.
Ni nisan da na sani shi ne na Jibiya,
a kan keke, taya ta yi faci a rabin hanya.

Kakana Mati ya je Gwanja fataucin goro
da jakai bakwai da tulun man shanu.
Ya bar ciki wata biyu,
ya dawo ya tarar da yaro yana rarrafe.
Shi Gwanja, kai Gwanzu, na ce wa ɗana,
bambancin harafi biyu ne, da kaushin ƙafa.

Daren da ya tashi ban runtsa ba.
Na sauko da wani tsohon agogon bango
da mai shi ya bari tun ina da baƙin gashi,
na share shi, na ɗiga masa mai,
na tura hannunsa gaba da awa bakwai.
Lantana ta ce, "Yanzu yana ina?"
Na ce, kan ruwa, ko kan dutse, Allah ne masani.
Ta ce, "Ko ya ci abinci?"
Wannan kam agogo bai faɗa mini ba.

Yanzu in na yi alwalar Azahar
can sun idar da Isha'i, suna naɗe tabarma.
Masu wucewa kan leƙo su yi dariya:
"Malam, na kanka ma ya fi ƙarfinka?
Wancan ya yi gaba!"
Na kan ce, ku bar shi, ɗana ke ciki.

Abu ɗaya ya hana ni sakat.
Awa bakwai da suka zube masa a hanya,
wa ya tsince su? Ni da na san
inda kowane minti yake maƙalewa.
Na tambaye shi da asuba, ya yi dariya,
muryar ta iso kafin in ƙifta ido:
"Ran dawowa za su biya ni, Baba, cif."

To. Na rubuta a littafin bashi,
ƙasan sunan Ilu direba da na Hajiya Kulu:
jirgi, awa bakwai.
Na rufe rumfa, na ba agogon biyu wani,
na Katsina tukuna, sannan nasa.