Kalmar da Ta Shigo Shagona

Asabar ce, a shagon askina na Farin Gada,
injin yana kuka a ƙeyar Zakiru,
sai ga Davou ya leƙo, igiyar waya a kunne.
Suka tafa, suka jefa wa juna kalmar nan
ta mawaƙan Amurka,
wadda aka ƙera a cikin jirgin bayi,
yau kuma ake tauna ta kamar cingam.
Suka yi dariya. Ba wanda ya ɗago.

Jamil na kan benci yana jiran layi,
jikan Kwaran da ke sayar da taya a titin Bauchi.
A garin nan aka binne cibiyarsa,
Hausarsa ta fi tawa gishiri.
Shi ma ya buɗe baki ya maimaita ta
cikin raha, irin ta abokai.

Ƙeyar da ke hannuna ta sandare.
"Kai ba ka da izini," in ji Zakiru.
"Tamu ce. Mu aka jefa da ita,
mu muka tsince ta, muka wanke."
Jamil ya ce, "Tare muka sha gwaten Mama Kangyang,
tare aka zane mu a firamare,
sai yau ka ga farar fatata?"
Davou ya ce magana a niyya take.
Zakiru ya ce wuƙar gida, ɗan gida ke wasa da ita.

Sai Kawu Ilu ya naɗe jaridarsa.
Shekara tara ya yi yana kwaɓa siminti a Sabha.
"Ni an kira ni," ya ce,
"ba da wannan ba, da 'yar'uwarta ta Larabci.
Yaro ɗan shekara shida ne ya kira ni,
ubansa na tsaye yana kurɓar shayi,
kuɗin aikina na wata uku a aljihunsa.
Kai da ka ce ka wanke ta,
a wane rafi? A Dilimi?
Bayan da bai sha bulala ba
yaya zai yi ado da tabo?"

"Kawu, ni baƙi ne," in ji yaron,
"duk inda na sauka
fatata za ta gaisa da su kafin fasfo."
"Gaskiyarka," in ji Kawu.
"In ka sauka, ka ji ta a bakin mai bindiga,
ka dawo ka faɗa mini ɗanɗanonta."

Ni dai mai aski ne,
aikina bayan kai, ba abin da ke ciki ba.
Amma kullum da yamma ina share gashi,
na Zakiru, na Davou, tsintsiya ba ta rarrabe su,
kuma ban manta shekarar da hayaƙi ya rufe titin nan ba.
Ran nan ba mu ari kalma daga ƙetare ba.
Da namu na gida muka fito,
wannan ya ce arne, wancan ya ce baƙo,
da su aka tsayar da motoci a bakin gada
ana tambayar mutane sunansu.
Ƙanena Sabi'u ya tafi kasuwar tumatir,
kwandonsa kaɗai aka kawo mana.
Su waɗannan, wa ya ba mu izininsu?
Wa ya wanke su?

Na buɗe baki ke nan aka ɗauke wuta.
Inji ya yi shiru, rabin kan Zakiru a aske.
Jamil ya miƙe, ba wanda ya sa shi,
ya ja igiyar janareta sau ɗaya, sau biyu,
sai a na biyar ya tashi.
Bai ce ya tuba ba. Ba a ce an yafe ba.

Da za su tafi suka sake tafawa.
Bakin Davou ya buɗe,
ya dubi Kawu Ilu, ya rufe.
Abin da suka ce bayan sun sha kwana
ban ji ba, janareta na ta kururuwa.