Shekarar da Wuta Ta Shiga Yelwa

Tambaya guda na ɗauko daga Birnin Kebbi,
na naɗe ta a jaka tare da biro biyu:
wace shekara wayar wuta ta fara shiga Yelwa,
wa ya haƙa ramin falwayar farko?

A ofishin wuta akawu ya dube ni ta saman tabarau.
Ya ce, "Mu sunanmu ya sha canjawa,
kowane suna ya tafi da fayil ɗinsa.
Duba ɗakin baya." Na duba.
Gara ta riga ni karatu.
Ta cinye shekarun, ta bar mini gefen takarda
inda wani ya sa hannu da jar tawada,
sunansa rabi, kwanan wata babu.

Wayata ta ba ni amsa uku cikin minti ɗaya,
kowace da gadara, ba wadda ta faɗi ubanta.
Ta farko ta nuna ta biyu,
ta biyu ta jingina da ta uku, ta uku ta koma ga ta farko,
awaki uku a turke guda.

Aka ce in ga Baba Nomau, tsohon mai hawa falwaya.
Na same shi yana ɗaure ƙafar kujera,
yatsunsa biyu na hagu a ƙanƙance, tukuicin aiki.
Ya ce, "Shekarar da ɓera ya cinye geron Cindo."
Na ce, "Baba, lamba nake so."
Ya ce, "Lamba ta gwamnati ce. Ni abin da na riƙe,
ranar da muka ja waya ta bakin kasuwa
uwar ɗakina na da cikin Ige."
Na rubuta: a tambayi Ige shekarunta.
Ige ta yi dariya har ta riƙe ƙofa,
ta ce in na gano, ita ma in gaya mata.

A bakin ruwa Gwamma na banda kifi.
Ta nuna tsakiyar tabki da wuƙarta:
"Ga littafinka can a ƙasa. Gungunmu ne,
da rumbuna, da kushewar kakata,
da tsamiyar da muke ɗaure jirgi.
An ce mana ruwan zai zama haske.
Ya zama. Ya bi ta kanmu a waya ya tafi birane,
mu muka daɗe muna auno kananzir a kwalba."
Ban san yadda zan sa wannan a jerin manazarta ba,
ba shafi, ba maɗaba'a, ba bugu na kaza.
Na dai rubuta sunanta da ranar,
hayaƙin ya sa hannu a rigata.

Sai Anaruwa tela ya buɗe gwangwanin maɓallai,
ya zaro takardar kuɗin wutar mahaifinsa,
ninki takwas, hatimi shuɗi,
da kuɗin da yau ba mai karɓa.
Zuciyata ta buga. Ga shekara, ga wata!
Amma takarda ba ta faɗin abin da ba a tambaye ta ba:
ta shaida wuta ta riga wannan rana,
ba ta ce da nawa ba.

Da dare a masauki na baje abin da na samu.
An ce gani ya kori ji,
to waɗanda suka gani suna ta komawa,
jin kuma kullum sai ya ƙara ƙiba.
Na ja layi a tsakiyar shafi.
Dama, abin da na taɓa da hannuna, layi huɗu.
Hagu, abin da aka ce, shafi goma sha ɗaya.
A ƙasa na rubuta "ban sani ba",
na bar masa fili mai faɗi.

Ina cikin haka, da fitilar waya a haƙora,
fanka ta yi tari ta motsa,
yara a lungu suka kwashe da ihu, "An kawo!"
Na dubi agogo.
Tara da minti arba'in da bakwai, daren Talata.
Wannan kam na rubuta a dama.
Shaida, ni.