Ƙwallon Dabino

A Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu,
shekara goma sha tara mabuɗin injin ban-ruwa
yana rataye a wuyan Alhaji Barmo,
har igiyar ta yi masa kanta.
Gonarsa ke fara sha.
Tamu sai ruwa ya gaji.

Da ya kwanta dama muka taru gindin darbejiya.
Wasu suka ce a yi zaɓe.
Sittana mai shayi ta ce,
"Zaɓe na mai buhun sukari ne,
na san wanda zai saye layinmu kafin la'asar."

Sai aka kawo tulu.
Kowane gida ƙwallon dabino ɗaya, da shaidarsa.
Aka ɗaure idon yaron da bai yi famfara ba,
ya zura hannu.
Shuka ɗaya, girbi ɗaya, ka ajiye:
sharaɗin ke nan.

Nawa ya fito.
Ni Talle, mai amalanken jaki,
da ko a ɗaurin aure ba a tambayar ra'ayina.
Wani ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Na yi kuskure, ba na musu.
Na ba albasar Babikir ruwa sau biyu,
kuɓewar Inna Dije ta kwana da ƙishi.
Ta zo ta zage ni a ƙofar gida,
ba shamaki, ba ɗan aike,
gobe ma tare za mu bi layin burodi.

Surukina ya zo da dare da cinyar rago.
Na dubi cinyar, na tuna tulun.
Baɗi wa ya san wuyan da igiyar za ta hau?
Wataƙila wanda na zalunta bana.
Na ce ya kai wa yara.

Ga dawa ta nuna.
Yanzu na fara gane tarin injin,
na san ranar da yake son mai.
Yanzu ne kuma za a karɓe.

Ba zan ɓoye ba:
da na kai hannu zan cire igiyar,
hannun ya yi nauyi.
A nan na fahimci Barmo,
na yi masa addu'a, na cire.

Tulu na tsakiyar fili.
Sun samo wani yaron.
Jakina na jira a rana,
bai taɓa sanin na yi mulki ba.