Tsatsa a Kan Gawayi

Kakana Alojzy ya yi shekara talatin da ɗaya
yana sauka ramin kwal a Zabrze,
yana hawowa da baƙi a farce, baƙi a huhu.
Abu biyu ya tsana a duniya:
kwal ɗin da ya cinye masa numfashi,
da tsatsar da ke cin kekensa a bayan ɗaki.
Ni jikarsa, Dobrosława,
su biyun nake haɗawa a Gliwice,
har biyana ake yi.

Ran Litinin na dafa gawayin a ruwan asid.
Gawayi mai santsi ba ya riƙe baƙo,
sai an kakkarce shi, an ji masa ciwo,
sannan wani zai sami wurin kafa ƙafa.
Na tace, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa
har takardar gwaji ta daina yin ja.

Ran Talata gishirin ƙarfe,
ruwansa kamar shayin da ba madara,
ɗis, ɗis, ɗis.
Gerard Kocur mai kula da tanderu ya leƙo
da guntun burodi a hannu.
Ya ce, "Na sha bakwai ke nan?"
Na ce, "Sha takwas."
Ya tauna, ya haɗiye, bai ƙara ba.
Wannan shirun na gode masa.

A na sha ɗaya iska ta saci hanya ta shiga bututu,
gawayin ya ci wuta,
da safe muka tarar da toka ja kamar garin bulo.
A na sha huɗu laifina ne, na ƙara zafi don in tafi gida.
Ƙwayoyin suka bar mazauninsu suka dunƙule
kamar masu jiran jirgin ƙasa ranar sanyi,
suka zama manya, suka zama banza.
Ni ƙanana nake so, kowace ita kaɗai,
ƙanƙantar da ko ka jera dubu biyar
ba za su kai kaurin gashi ɗaya ba.

Laraba da dare na toshe kowace kafa.
Na saki iskar agon ta kori tamu,
na ce wa wuta ta hau a hankali,
digiri biyu a minti, har ɗari huɗu.
Sannu ba ta hana zuwa.
Na zauna ina ƙirga kumfar da ke fita ta kwalbar mai,
dusar ƙanƙara na sauka a kan motocin da aka bari a waje.
Ba abin gani. Duk aikin a ɓoye ake yinsa,
kamar can ƙarƙashin ƙasa.

Alhamis muka sauka ɗakin ƙasa,
inda na'urar hangen ƙananan abubuwa take.
Allo ya yi hazo, ya washe.
Ga gawayina kamar gajimare,
ga ɗige-ɗige baƙaƙe a kansa
kamar riɗin da aka barbaɗa da hannu mai adalci.
Gerard ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce, "To."

Na ɗebo ruwan da ke tsatsowa daga tsohon rami,
na zuba garin, na girgiza,
na kara maganaɗisu a jikin kwalba.
Baƙin ya taso gaba ɗaya ya manne a gefe,
ruwan ya tsaya garau.
Ko ya tafi da gubar, ko ya bar ta,
sai mako mai zuwa sakamako zai faɗa.
Ido ba ya rantsuwa a kan wannan.

Da yamma na biya wajen mahaifiyata.
Ashe safar hannuna ta huje ban sani ba.
Ina miƙa hannu in karɓi kwanon miya
ta riƙe yatsuna, ta juya su wajen fitila,
ta daɗe tana kallon farcen.
Ta ce, "Je ki wanke,"
amma ba ta sake ni ba.