Maƙera a Cikin Taga

Kwamfutar da Jabbi ya ara mini
ta girmi ƙanwata Hassi da shekara biyu.
Fankarta na nishi kamar injin markaɗen unguwa,
harafi ɗaya ya ɓalle, na liƙe shi da cingam.
Duk manhajar da na ce ta ɗauka
sai ta ce ciki ya cika.

To, na bar ta da cikinta.
Na buɗe burauza, taga guda,
sai ga maƙera an riga an share:
ga zugazugi, ga masaba, ga awartaki a rataye.
Wutar na ci a wata ƙasa da ban san sunanta ba,
ƙarfen kuwa nan Mabera yake laushi,
bisa tabarmar Inna.

Kawu Modi ne dalili.
Ruwan Agusta ya jiƙa littafin bashinsa,
buhunan albasar da suka tafi Fatakwal
suka narke cikin tawada.

Hagu nake rubutu, dama shafi na tsirowa.
In na manta waƙafi ɗaya
jan layi ya fito, ya tsare ni da ido
kamar malamin Jinka ranar jarrabawa.

Daren Talata aka ɗauke wuta,
batir ya mutu ban ko yi sallama ba.
Na kwana ina lissafin asara.
Da safe na hau kabukabu zuwa Gawon Nama,
na biya kuɗin awa ɗaya a shagon Ɗan'ige,
kan kwamfutar da ba ta taɓa ganina ba,
na ishe aikina zaune inda na bar shi,
har da kuskuren jiya, bai motsa ba.

Luba tana Wamakko,
amma ga ɗan tsinken sunanta yana yawo cikin layukana,
ta gyara, na ɓata, ta sake gyarawa,
ba wanda ya ce uffan.

Na san zanen aro ba ya rufe katara.
Ran da mai maƙera ya sa kwaɗo,
ko data ta ƙare tsakar dare,
ina zan kai ƙarfena da zafinsa?
Shi ya sa kowace Juma'a nake kwashe kwafi
in ɓoye, kamar iri.

Jiya Kawu ya buɗe shafin a wayarsa.
Ya daɗe yana kallo, ya ce,
“Arba'in da bakwai? Ɗiyata, da takwas ne.”

Na koma taga, na duba.
Da takwas ne.