Ina Ofishin?

A Tampere rana takan faɗi
tun ban shanye shayin la'asar ba.
Na ja kwamfuta kusa da hita,
na aika takardar neman aiki ta arba'in da bakwai.

Irmeli, mai gidan da nake haya,
ta zuro takardar kuɗin wuta ta ƙarƙashin ƙofa.
Ba ta ƙwanƙwasa ba.
Kara ce ko gajiya, oho.

"Mun gode da sha'awarki."
Wannan na haddace ta fiye da darasin jiya.
Biza kuwa tana auna mini awoyi
kamar mai awon hatsi a shekarar fari.

Ran Laraba aka kira daga Lisbon.
Farar riga a sama,
wandon barci da safa biyu a ƙasa.
Intanet ta tsaya cak, bakina a buɗe.
Da ta dawo, Duarte na dariya:
in fara Litinin,
amsa ƙorafin masu sayen fitilu.

Uwata a Sylhet ta ce, "Ina ofishin?"
Na juya mata wayar:
tebur, kofi, taga mai ƙanƙara.
Ta yi shiru.
Can ta ce, "To, ki riƙa share shi."